Ɗan Sandan Da Ya Ajiye Kaki Don Wasan Kwaikwayo



Akwai wata magana da ba ta rabuwa da ɗakunan kwananmu, musamman idan jarrabawar ƙarshe ta ƙarato. Wannan yana rubuta waƙa, wancan yana tsara wasan kwaikwayo, wata kuma tana zane, alhali kowa ya san da zarar an gama bautar ƙasa iyaye za su zuba ido su ga takardar ɗaukar aiki. Yayyenmu da suka riga mu shiga ofis, waɗanda wasunsu ke zaune a nan, su ma abin yana cin su: mutum ya ajiye albashi ya rungumi fasaharsa, ko kuwa ya riƙa yi mata hidima bayan an tashi daga aiki? Maimakon jayayyar fatar baki, mun ga ya fi kyau mu dubi wani da ya taɓa yin haka a ƙasar nan.

An haifi Hubert Ogunde a 1916 a Ososa, kusa da Ijebu-Ode. Ya fara da aikin koyarwa, sa'an nan a 1941 ya shiga aikin ɗan sanda. Yana cikin kaki ne ya shirya wasansa na farko a 1944, a zauren Glover da ke Ikko, domin tara wa wata majami'a kuɗi. Wasan ya karɓu, ya sake wasu, su ma suka karɓu. Kafin shekara biyu ta cika ya ajiye aiki, ya kafa ƙungiyar da ake ɗauka ita ce ta farko a Nijeriya wadda 'yan wasanta ba su da wata sana'a sai wasan.

Mu lura da abin da ya riga wani. Sai da ya ga mutanen da ba su san shi ba sun sa hannu a aljihu sun biya kuɗin ƙofa, ba sau ɗaya ba, kana ya saki albashi. Yawancinmu kuwa awon da muke yi wa fasaharmu shi ne tafin abokai a daren al'adu, kuma tafi ba ya cin ko kwabo daga aljihun mai yin sa.

A ƙasar Hausa mun saba da hanyoyi biyu. Abubakar Imam ya bar koyarwa a Midil ta Katsina ya koma Zariya, ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, amma daga albashi ya koma albashi. Makaɗan fada kuwa sun rayu da kiɗa kaɗai, sai dai ubangida ke ba da doki da riga, kuma ba a cin tuwon mutum a zage shi. Ogunde ya ɗauki hanya ta uku, ya mai da talaka mai sayen tikiti ubangidansa.

Abin da ya samu ke nan: bakinsa ya zama nasa. Bayan yajin aikin gama-gari na 1945 ya shirya wasa a kan yajin da yunwar ma'aikata, abin da kurtun ɗan sanda ba zai ko soma ba. Da 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe masu haƙar kwal 21 a Inugu a 1949, ya fito da wasan Bread and Bullet. Ya kawo shi Arewa a 1951, hukuma ta hana shi nunawa a Kano.

To, amma akwai farashi, kuma ba ma so mu ɓoye shi. A 1964 wasansa Yoruba Ronu ya fusata gwamnatin Akintola, aka haramta masa wasa a duk Jihar Yamma, inda mafi yawan masu jin harshensa suke. Ba a ɗage haramcin ba sai a 1966, bayan sojoji sun karɓi mulki. Ku ƙiyasta shekara biyu babbar kasuwarka a rufe, ga 'yan wasa da iyali suna jiran abinci, babu ƙarshen wata da za a sa wa rai. Ko samun mata 'yan wasa ya zame masa jidali tun farko, domin iyaye ba sa son ganin 'ya'yansu a dandali, har ya zama da yawa daga cikin 'yan wasan matansa ne na aure. Wannan ƙyamar ba baƙuwa ba ce a gare mu.

Saboda haka ba mu ga laifin ma'aikacin da ya riƙe kujerarsa yana rubutu da dare ba, balle wanda ƙanne biyar ke rataye a wuyansa. Wanda muke jin tsoro dominsa shi ne mai shirin miƙa takardar barin aiki don kawai ofis ya gundure shi, bai san ko mutum nawa za su biya don su ga aikinsa ba.

Shi Ogunde, gwamnati ce ta dawo ta neme shi. A 1986 aka ɗora masa aikin haɗa ƙungiyar wasanni ta ƙasa, shekara arba'in bayan ya tuɓe kaki. Ya rasu a Landan a 1990.