Jijiya Mai Rassa Uku da Aikinta a Fuskar Ɗan Adam



Kalmar jijiya tana da faɗi a Hausa, domin hanyar jini jijiya ce, agara ma jijiya ce. Wadda nake nufi a yau ita ce mai kai saƙo tsakanin jiki da ƙwaƙwalwa. Irinta guda 12 ne ke fitowa daga ƙwaƙwalwa ta kowane ɓangare, dama da hagu. Ta biyar, wadda ta fi duka kauri, ita likitoci ke kira tirajeminal, wato 'yan uku da harshen Latin, saboda takan rabu gida uku tun kafin ta fita daga ƙoƙon kai.

Reshen sama shi ke kula da goshi da ido. Na tsakiya ya ɗauki kunci da leɓen sama da haƙoran sama. Na ƙasa ya fi su aiki, don bayan haɓa da haƙoran ƙasa da gaban harshe, shi ne ke motsa naman da muke tauna da shi. Murmushi da ɗaure fuska kuwa ba nata ba ne, aikin jijiya ta bakwai ne. Amma raɗaɗin barkono a baki da hawayen mai yanka albasa duk ta hanyarta suke bi.

Amfaninta ya fi bayyana idan ta mutu. Ƙwayar ƙura ta taɓa baƙin ido, ita ke kai labari a ƙifta. Kuturta kan kashe wannan ji, sai ido ya yi rauni mai shi bai sani ba, har ya kai ga makanta.

Akwai kuma ciwon da John Fothergill, likita a Ingila, ya bayyana a 1773. Zafi ne kamar walƙiya a ɓangare ɗaya na fuska, na 'yan daƙiƙoƙi, wanda tauna ko wanke fuska ko iska mai sanyi kan tayar. Sau da yawa jijiyar jini ce ke danne ta kusa da tushenta. Abin takaici, masu wannan ciwo sukan zaci haƙori ne, a yi ta cire musu lafiyayyun haƙora, zafin yana nan. Alhali tun 1962 aka gane cewa kabamazefin, maganin farfaɗiya, yana kwantar da shi ga mafi yawansu, wanda ya faskara kuma ana iya yi masa aiki a raba jijiyoyin biyu.