Wayar Ƙasa da Wayoyin da ke Binne: Sharuɗɗan Ƙara Gini a Gidan da ke da Lantarki

Gida a birane irin su Kano da Zariya da Sakkwato ba kasafai ake gama gininsa a lokaci guda ba, domin iyali na ƙaruwa, ana fitar da shago ta bakin titi, ana ƙara banɗaki ko ɗakin samari, kuma kowane ƙari yana farawa ne da haƙar fandisho a gindin tsohon bango, wato daidai wurin da mai haɗa wuta na farko ya binne abin da zai binne. Abin da wannan lacca take son tabbatarwa shi ne cewa haɗarin da ya fi girma a irin wannan aiki shi ne wanda ba ya nuna alama: a tsinke wayar ƙasa, fitila ta ci gaba da kamawa, fanka ta ci gaba da juyawa, alhali kariyar gidan gaba ɗaya ta tafi.

Wayar ƙasa ita ce waya ta uku, mai rigar kore da ruwan ɗorawa, wadda ke haɗa jikin ƙarfen kayan wuta, kamar firji da dutsen guga da injin jan ruwa, da wani turken ƙarfe mai rufin jan ƙarfe da aka kafa a cikin ƙasa. A ranakun lafiya ba ta ɗaukar wuta, sai ranar da rigar waya mai wuta ta goge ta taɓa jikin firji, a nan ne take ba wutar hanyar da za ta bi maimakon ta bi ta jikin mutum. Ƙarfin wutar gida a Najeriya bolt 230 ne, jikin ɗan Adam kuwa abin da yake iya jurewa kaɗan ne ƙwarai: wajen miliyampiya 10 kan sa hannu ya ƙame ya kasa sakin abin da ya riƙe, abin da ya kai 50 zuwa 100 kuma, idan ya ratsa ƙirji, yana iya rikita bugun zuciya har ya kai ga rasa rai. Miliyampiya kashi ɗaya ce cikin dubu na ampiya, ma'aunin yawan wutar da ke gudana.

Akwai kuskuren da ya yaɗu, har a tsakanin masu sana'ar, na ɗauka cewa kafa turke kaɗai ya wadatar. Ƙasa tana da turjiya, wato tana hana wuta wucewa cikin sauƙi, kuma ana auna wannan turjiya da ma'aunin da ake kira om. Idan turjiyar turke om 25 ce, wanda sakamako ne mai kyau a ƙasa busasshiya, bolt 230 ba zai tura fiye da ampiya 9 da ɗoriya ba, wannan kuwa bai isa ya ƙona fis ko ya kayar da makatsar wuta mai ampiya 16 ba, balle mai 32, don haka jikin firjin zai zauna da wuta a kansa. Shi ya sa ƙa'idojin zamani, irin su BS 7671 na Birtaniya wanda injiniyoyin Najeriya suka daɗe suna aiki da shi, suke neman a haɗa turken da na'urar da ke gano yoyon wuta, wadda ke kwatanta abin da ya shiga ta waya mai wuta da abin da ya dawo ta waya mai sanyi, ta katse da zarar bambancin ya kai miliyampiya 30.

Turjiyar ƙasa kuma ba a tsaye take ba. Ƙasar fadama mai laima tana karɓar wuta da kyau, jigawa da marmara kuwa ba haka ba, kuma turken da ya ba da sakamako mai kyau a watan Agusta yana iya zama kusan banza a watan Maris, lokacin da ƙasa ta bushe ƙamas. Gishiri da gawayin da aka saba zubawa a ramin suna rage turjiya da farko, amma ruwan damina yana wanke gishirin, kafin nan kuma ya riga ya ci ƙarfen da tsatsa. Ƙa'idar Amurka ta shar'anta turke ya shiga ƙasa ƙafa 8, kuma a ƙara na biyu a tazarar da ba ta gaza ƙafa 6 ba, sai fa idan an auna an samu na farkon bai wuce om 25 ba. Daga can ne kuma wata dabara ta fito wadda ta dace da yankin Sahel matuƙa: a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, injiniya Herbert Ufer, da yake neman kare rumbunan bama-bamai a busasshiyar ƙasar Arizona, ya gano cewa ƙarfen da ke cikin kankare yana haɗuwa da ƙasa fiye da turke, saboda kankare yana riƙe laima kuma faɗinsa yana da yawa. Ƙarin gini dama ce ta amfani da wannan dabara kusan kyauta, ta hanyar ɗaure waya a jikin rodin fandisho mai tsawon aƙalla mita 6 kafin a zuba kankare. Abin takaici ne yadda ake barin wannan dama ta wuce don kawai ba a kira mai haɗa wuta sai an zo filasta.

Kafin duk wannan, sai an san abin da ke ƙasa. A Amurka akwai lamba 811 da ake kira kafin haƙa, kamfanoni su zo su shata hanyar wayoyinsu da fenti, amma ko a can galibi ba sa shata wayoyin da mai gida ya shimfiɗa da kansa, irin wadda ta tafi ɗakin janareta ko rijiyar burtsatse ko fitilar ƙofa. A gidajenmu, inda taswirar wayoyi ba ta cika samuwa ba, bincike yana farawa da ido: a bi bango a ga inda bututu ya nutse ƙasa da inda ya ɓullo, ba tare da an ɗauka cewa a miƙe ya tafi ba. Sannan a yi aiki da na'urar gano waya, wadda ke jin maganaɗisun da wuta mai gudana ke haifarwa. Sai dai wannan hanya tana da rauni babba a ƙasar da ake yawan ɗauke wuta, domin wayar da ba ta ɗauke da komai a wannan sa'a ba za ta yi ƙara ba, wayar ƙasa kuwa dama ba ta ɗaukar komai. Mafita ita ce a jona wa wayar ƙaramar na'ura mai aika sigina ta inda kanta ya fito, a bi siginar a sarari ana sa alama. Na'urar rada mai leƙa ƙasa tana ganin har bututun roba, kuma ta fi aiki a yashi busasshe fiye da laka mai jiƙa.

Na'ura tana nuna layi ne, ba ta ba da tabbaci, don haka jagorar hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Birtaniya, mai suna HSG47, ta yi hani da amfani da injin haƙa na hannu a cikin rabin mita daga layin da aka gano. A wannan tazara da shebur ake tona ramin gwaji, a gefen layin ba a kansa ba, diga kuwa a ajiye ta, domin tsininta na huda rigar waya da sara ɗaya. A kashe wutar gida, a kashe janareta da inbata, a kuma tuna cewa wayar da ta taso daga fal zuwa mita ba ta mutuwa da kashe makunnin gida, kuma ɗauke wuta ba kashewa ba ne, tana iya dawowa lebura na cikin rami. Wayar da aka ƙwarzane, ko da ba ta yi tartsatsi ba, ba a naɗe ta da leda a mayar da ƙasa, domin ruwa zai shige ta a damina.

Idan sabon ɗakin zai hau kan tsohon turke, wajibi ne a kafa sabo a waje, a jona shi kafin a cire tsohon, a kuma yi masa ɗan rami mai murfi domin a riƙa duba mahaɗin. Wayar ƙasa ta sabon sashen dole ta koma babbar mahaɗar ƙasa ta gidan, don kada ƙarafa biyu da hannu ɗaya zai iya taɓawa su kasance da bambancin ƙarfin wuta. Daga ƙarshe sai awon turjiyar turken, wanda ake yi da ƙananan turaku biyu a layi ɗaya da babban, na tsakiya a kusan kashi 62 cikin ɗari na tazarar na nesa, kuma a tsakiyar rani ya fi dacewa a yi shi. Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta ba ta ikon duba ingancin haɗin wuta a Najeriya, ita ke ba masu haɗa wuta takardar shaida, don haka mai gida yana da hurumin neman ganin wannan takarda, da neman a rubuta masa sakamakon awon da zanen hanyar kowace waya, ya adana su tare da takardun filinsa.