Jawabin Naɗin Sabon Fasto a Bana

Da sunan Uba, da Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki.

 

Yau mun taru mu ɗora wa ɗanmu hannu, mu danƙa masa wannan ikkilisiya. Ɗana, ka saurare ni da kyau, domin nauyin da za ka ɗauka ya fi rigar da za ka sa.

A Matiyu sura 24, Yesu Almasihu ya gargaɗi almajiransa cewa kafin ƙarshe annabawan ƙarya za su yi yawa, ƙaunar mutane da dama kuma za ta yi sanyi. Manzo Bulus ya faɗa wa Timoti cewa wasu za su yi ridda, su bi masu gaya musu abin da kunnensu ke so. Mun gani a zamaninmu. A Kanungu ta Yuganda, ranar 17 ga Maris 2000, ɗaruruwan mutane suka ƙone cikin majami'a, bayan shugabanninsu sun sa wa ƙarshen duniya rana. A dajin Shakahola na Kenya, daga 2023, an tono gawawwaki sama da 400 na waɗanda aka ce su yi azumi har mutuwa don su sadu da Yesu. Waɗannan bayin Allah neman ceto suka fita, aka ɓatar da su, alhali Ubangiji ya riga ya ce ranar ƙarshe Uba kaɗai ya san ta.

Mu a nan bakin iyaka muke. Abin da ya taso daga Binin ko Najeriya ba ya daɗewa bai iso mu ba, yanzu ma ta waya yake shigowa har ɗaka: mai sayar da man shafawa, mai ruwan albarka, mai cewa ka shuka kuɗi ka girbe arziki. Ɗan canji a kasuwar Gaya yana gane jabu ne saboda hannunsa ya saba da sefa ta gaske. Saboda haka, ɗana, ka koya wa jama'arka karatu. Tun 1932 muke da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa. Ka sa shi a hannun tsohuwa da yaro, su riƙa bincika wa'azinka kamar yadda mutanen Biriya suka bincika na Bulus.

Ku kuma jama'a, jimiri gadonku ne. Tun da masu bishara na ƙungiyar SIM suka sauka Damagaram a 1924, masu bi a ƙasar nan 'yan kaɗan ne, amma sun tsaya. A Janairun 2015 an ƙona majami'u a Damagaram da Yamai, 'yan'uwanmu suka yafe, suka sake gini, wasu ma maƙwabta Musulmi ne suka ɓoye su. Ku riƙe fastonku da addu'a, ku taimake shi a gona da baiko, kada talauci ya ja shi ga sayar da gaskiya.

Ɗana, durƙusa. Ubangiji ya tsare bakinka daga ƙarya, ya ba ka ƙarfin jimrewa har ƙarshe, kai da iyalinka da wannan jama'a. Amin.