Tururin Zaiba Da Lafiyar Ƙodar Ma'aikaci

Zaiba, watau ƙarfen nan mai gudu kamar ruwa, ita ce abin da masu haƙar zinariya a Zamfara, da Kebbi, da Neja, da yankin Ilesha na Jihar Osun suke kama zinariya da shi. Sukan cuɗa ta da garin dutse, sa'an nan su ƙona dunƙulen a wuta, zaibar ta tashi ta bar zinariya. A nan haɗarin yake, domin tururin nan ba shi da launi, ba shi da wari. Wajen kashi 80 cikin 100 na abin da mutum ya shaƙa yakan ratsa huhu ya shiga jini. Wannan daban take da gubar dalma wadda ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ko da yake sana'a ɗaya ce ke jawo su.

Daga jini, ƙoda ce ke tara mafi yawan zaibar, kuma sai an yi kamar wata biyu kafin jiki ya fitar da rabinta. Saboda haka wanda ke ƙona ta kullum, sabuwa yake zubawa a kan tsohuwa. Ɓarnar kuwa iri biyu ce. Ta farko, zaiba na lalata ƙananan bututun ƙoda kai tsaye. Ta biyu ta fi ban mamaki: a jikin waɗansu mutane takan ruɗa garkuwar jiki, har garkuwar ta juya ta faɗa wa matatar ƙoda kamar baƙuwa. Matata in ta huje, sai furotin, watau sinadarin gina jiki, ya dinga zuba cikin fitsari. Alamunsa su ne fitsari mai kumfa, da kumburin ƙafafu da fuska. Sau da yawa akan ga rawar hannu, da ciwon dasashi, da saurin fushi tare da su.

Tun da fari mutum ba ya jin kome, sai gwajin fitsari ke nunawa. Wanda aka gano da wuri, ya nisanci tururin, ya samu magani, ƙodarsa kan farfaɗo.

Kamata ya yi kada a ƙona zaiba cikin ɗaki, ko a murhun girki, ko kusa da yara da mata masu ciki. A yi amfani da tukunyar ƙarfe mai murfi da bututu, wadda ke kama tururin ya koma ruwa. Ƙyallen rufe hanci ba ya tare shi. Kayan aiki kuma a bar su wurin aiki.

Nijeriya ta tabbatar da Yarjejeniyar Minamata ta rage amfani da zaiba a 2018. Amma kiyaye ƙoda yana hannun mai riƙe da wuta. Duk ma'aikacin da ya ga kumfa a fitsarinsa, lalle ya je asibiti, ya kuma gaya wa likita irin aikin da yake yi.