Zaɓen Jami'a: Tsakanin Buri da Hali



Gabatarwa

A shekarar 1962, lokacin da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ita kaɗai ce jami'a a duk faɗin Jihar Arewa, don haka ɗalibin wancan zamani ba shi da wani dogon tunani a kan inda zai nufa. Daga 1975 aka samu ƙarin jami'o'i a Sakkwato, da Maiduguri, da Jos, da Ilori, sa'an nan Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. A 1999 aka fara ba jami'o'i masu zaman kansu izini. Yau akwai na tarayya, da na jihohi, da na kuɗi, har sun wuce ɗari biyu. Yawan nan alheri ne, amma ya zo da nauyin zaɓe. Manufar wannan lacca ita ce a nuna cewa jami'ar da ta dace da ɗalibi ita ce wadda zai iya shiga, ya iya zama, ya kuma fito da takardar da hukuma ta yarda da ita.

Fanni kafin suna

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗalibi ya fara zaɓen sunan jami'a, daga baya ya nemi abin da zai karanta. Kamata ya yi fanni ya zo da farko, domin tun daga aji huɗu na sakandare darussan da yaro ya ɗauka suke buɗe masa wasu ƙofofi, su rufe wasu. Galibi ana bukatar kiredit biyar, ciki har da Ingilishi da Lissafi. Jarrabawar hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, darussa huɗu ce, maki 400, kuma kowane fanni da haɗin darussansa. Mai son likita, alal misali, sai da Fiziks da Kimistiri da Bayoloji. Wanda ya saɓa haɗin nan, ko da makinsa ya kai ko'ina, ya yi asarar shekara guda.

Ƙofar shiga

Na biyu shi ne sanin yadda ake raba gurabe. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi a jami'o'in tarayya ita ce kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 kuma ga jihohin da aka bari a baya wajen ilmin zamani. Ma'anar wannan ita ce, makin da bai isa ya shigar da ɗan Katsina jami'a mai nisa ba, yana iya shigar da shi wadda jiharsa ke cikin yankinta. Har ila yau, jami'o'in da ake rububinsu ba su cika waiwayar wanda bai sa su a zaɓi na farko ba. Saboda haka zaɓi na farko wuri ne na lissafi, ba na alfahari ba. Wanda kuma bai samu shiga kai tsaye ba, hanya ba ta ƙare ba: akwai IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke gudanarwa, da difloma, da takardar malanta ta NCE, waɗanda kan kai mutum aji biyu na jami'a.

Lissafin kuɗi

A nan ne iyaye, musamman masu jiran albashi, suka fi bukatar natsuwa. An ce jami'o'in tarayya ba su karɓar kuɗin koyarwa, amma akwai kuɗin rajista, wanda da yawa daga cikinsu suka ƙara a 2023. Bayan wannan akwai ɗakin kwana, da abinci, da littattafai, da kuɗin mota zuwa gida. Sau da yawa waɗannan sukan ninka kuɗin rajistar. Ke nan jami'ar jiha da ɗalibi zai riƙa zuwa daga gidan ubansa tana iya fin ta tarayya mai nisa sauƙi. Sa'an nan a ninka lissafin da shekarun karatu: huɗu ga yawancin fannoni, biyar ga injiniya da lauya, shida ga likita. A kuma bar sarari domin jinkiri, gama yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya ɗauki wata takwas. Asusun rancen karatu na NELFUND, da ya fara karɓar buƙatu a 2024, ya kawo sauƙi ga ɗaliban makarantun gwamnati, kuma ba shi da ruwa. Amma bashi sunansa bashi.

Ingancin takarda

Kafin a biya ko sisi, a tabbata Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, watau NUC, ta amince da jami'ar, ta kuma amince da shi kansa fannin, domin abubuwa biyu ne dabam. Masu hangen ƙetare kuwa suna da darasi biyu. A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin da aka samo daga Jamhuriyar Benin da Togo, bayan an bankaɗo cinikin takardun bogi, abin da ya jefa har waɗanda suka yi karatun gaskiya cikin zullumi. A Afrilun 2023 kuma yaƙi ya ɓarke a Sudan, aka kwaso ɗaliban Nijeriya daga Hartum, karatunsu ya yanke a tsakiya.

Kammalawa

Ɗalibi ya zauna da mahaifinsa da malamin ajinsa, su rubuta amsar tambayoyi huɗu: Me zai karanta? Ina makinsa zai shigar da shi? Nawa ne kuɗin daga ranar shiga zuwa ranar fita? Shin hukuma ta san da wurin? Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai. Ba a tambayar mai digiri kyan ginin da ya zauna a ciki, abin da ya koyo ake tambaya.

Allah ya yi wa 'ya'yanmu zaɓi mafi alheri. Wassalamu alaikum.