Mota Ta Yi Yawa, Fili Bai Ƙaru Ba: Jawabi Ga 'Yan'uwa Mazauna Ikko



An nemi in yi magana a kan wahalar wurin ajiye mota a ma'aikatun Ikko, da cunkoson da ke tsare ma'aikata safe da yamma. Wani zai ce ina ruwanmu, tun da yawancinmu ba mu da mota? To, ruwanmu ne ƙwarai. Maigadin da ake zagi a bakin ƙofa don ya ce fili ya cika, sau da yawa namu ne. Direban da ke ta kewaya Marina da motar maigidansa, yana tsoron kada ma'aikatan LASTMA su sa janwe ta ja ta, shi ma haka.

Mu fara da lissafi. Mota guda in ta tsaya tana cin fili kusan mita 2 da rabi a faɗi, mita 5 a tsawo, watau kimanin girman ɗakin da magidanci ke haya a Agege shi da iyalinsa. In aka haɗa da hanyar shiga da fita, filin ya kusan ninkawa. Kuma motar nan mutum ɗaya ta kawo, kana ta wuni a tsaye har a tashi aiki. Ma'aikatar da ke da mutum 200 masu mota, ina za ta samo wannan fili a tsibirin da ruwa ya kewaye?

Ba yau aka fara neman magani ba. Bayan kuɗin Udoji na 1975 ma'aikata suka ruga sayen motoci, hanyoyi suka cushe. A 1977 hukuma ta kafa doka, rana guda motoci masu lambar mara su shiga tsibiri, kashegari masu lambar cika. Sai masu hali suka sayi mota ta biyu, kowace rana da tata. An kammala gadar Eko a 1975, an gama gada ta uku a 1990, mai tsawon kusan kilomita 12, an kuma mai da babban birnin ƙasa Abuja a 1991. Duk da haka cunkoso bai gushe ba, domin gada tana kawo mota ne kawai, ba ta ba ta wurin tsayawa.

Babbar hasara a ganina ita ce ta jirgin ƙasa na cikin gari da Gwamna Lateef Jakande ya soma a 1983, gwamnatin soja ta soke shi a 1985. Sai a 2023 jirgi ya fara jigila tsakanin Marina da Mile 2, na Agbado zuwa Oyingbo kuma a 2024. Shekara kusan 40 ke nan aka yi ana jira. Manyan bas-bas masu hanyarsu ta daban kuwa sun fara aiki a 2008 daga Mile 12 zuwa CMS.

Direbobinmu na tirela da tanka sun fi kowa sanin wannan ciwo. Shekaru suka yi suna kwana a kan gadoji suna jiran shiga tashar jiragen ruwa ta Apapa, har a 2021 aka fito da tsarin da mota za ta jira a garejinta sai an kira ta. Tsarin bai rasa ƙorafi ba, amma dabarar daidai take: kada abin hawa ya taso sai an san inda zai tsaya.

Wannan dabara ce nake so mu kai wa masu ma'aikatu. Ƙara fili ba zai wadatar ba, gama duk wanda ya ji akwai wuri, gobe da motarsa zai zo. Ma'aikata ta tanadi bas da zai ɗebo mutanenta daga tashar jirgi ko unguwanninsu. A raba lokacin shiga aiki, wasu ƙarfe 7, wasu ƙarfe 9. Ɗan filin da ke akwai a fara ba waɗanda suka haɗu su uku ko huɗu a mota guda, da masu lalurar jiki. A kuma rubuta ƙa'idar a manna a bakin ƙofa da sa hannun manaja, domin maigadi ya sami abin nunawa in babban mutum ya taso masa.

Ina roƙon sarakunanmu na Agege da Idi-Araba da Obalende su tara direbobi da masu gadi, a rubuta waɗannan buƙatu a takarda guda, kowa ya kai wa ma'aikatarsa.