Kalmar "Settler": Mu Baƙi Ne Ko Mazauna?

 

Yau magana ce kan kalma ɗaya ta Turanci da ake yawan jifanmu da ita a ofis da makaranta, wato "settler". Da yawa cikinmu da sun ji ta sai su ce ai "baƙo" ake nufi. To, ba haka ba ne.

Asalinta daga "settle" ne, ma'ana a zauna a kafu. Da wannan kalma Bature ke cewa an biya bashi, ko an sasanta rigima. Ashe "settler" shi ne wanda ya zo ya kafa gida, ba mai wucewa ba.

Tana da 'yan uwa, amma kowace da gurbinta. "Visitor" mai ziyara ne, gobe zai tafi. "Stranger" wanda ba a sani ba ne. "Resident" mazaunin wuri ne, ko daga ina ya fito. Hausa ta ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Jama'a, wanda ya haifi 'ya'ya a nan, ya binne iyayensa a nan, raɓa ce shi?

Kontagora kanta zama ne ya kafa ta. Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu, shi ya mai da ita mazauninsa a 1864, a ƙasar da Kambari suka daɗe a cikinta. Kowane gari da wanda ya riga wani.

Inda gizo ke saƙa shi ne kishiyarta, "indigene", wato ɗan asalin wuri, domin takardar shaidar asali ake nema wajen tallafin karatu da aikin gwamnati. Amma tsarin mulkin 1999, sashe na 41, ya ba kowane ɗan Nijeriya damar zama duk inda ya so, sashe na 43 kuma ya ba shi damar mallakar fili da gida.

Don haka idan yaranmu za su cike fom, mu zauna da su. Gurbin asali daban, gurbin mazauni daban. Kada a rubuta ƙarya, kada kuma a ji kunya. Mu girmama waɗanda muka tarar, mu riƙe haƙƙinmu.

Allah ya zaunar da mu lafiya. Wassalam.